Mai Gadin Hadari

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya jikin Inna? Ki ce mata lafiyata lau.

Aikin busar da tumatir yana nan, sai dai rana ta daina cika alkawari. Da a saman bene muke shanya, hankali kwance. Yanzu ruwa ke sauka tsakiyar rani, ba sallama. Rabin kayanmu ya yi fumfuna, uwar ɗakina ta ce idan sauran ya lalace, rufe wurin za ta yi.

Sai ta sayo injin busarwa. Da me yake aiki? Da hasken rana! Na ce, "Hajiya, ai ranar ce babu." Ta ce, "Malam Boko, tunda ka fi kowa karatu, hau sama ka riƙa karanta mana gajimare."

Ga ƙaninki nan da furfurarsa, yana hawa da sauka da farantan tumatir a guje. Gwiwa ta fara ƙara, amma kada Inna ta ji. Ki aiko min man zafinta, ki ce na maƙwabci ne.

Allah Ya bar zumunci. Gabas ta yi baƙi, na tafi.

Ƙaninki