Waƙar da ta tashi daga turmin Babankatami

Malam Alhusaini, sallama da gaisuwa. Don Allah ka taimake ni da shawara, kwana goma sha biyu sunka rage yarona ya koma makaranta. Da ajami na rubuto, ban yi lakwal, makarantar boko, ba, ku yi haƙuri ku mai da shi boko.

Ɗan ƙanena Mutari, ni na raine shi, shina karatu Dakar. Bana za shi rubuta babban littafin ƙare karatu, wanda suke ce ma memwar. Ya zaɓi yadda mawaƙan zamani ke yin suna. Ya zo hutu da akwatin ɗaukar murya, ya bi Madawa, Buza da Keita, har ya tara mawaƙa talatin da bakwai, masu gurmi, masu goge, masu kalangu. Sai ga takardar malaminsa: abin ya yi faɗi, in bai rage ba kafin ya koma, shekarar ta tafi banza. Yaro ya bar cin tuwo. Wanda duk ya cire, sai ya ga ya zalunce shi.

To Malam, ni na hango mafita! Waƙar nan ta Lalla, mawaƙiyar garinmu, da rediyo ke sawa, na san hanyarta tun daga tushe. Bakin turmi ta fara, nan Babankatami. 'Yan matan gaɗa sunka kai ta kasuwa, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya ji, ya kai labari Madawa, anka kira Lalla biki, can mutumin rediyo ya ɗauki muryarta. 'Yan ci-rani kuma sunka yi ta aiko takardu daga Abijan a sake sa musu. Ashe ba irin wannan ne yaron ke nema ba?

Ga inda na tsaya. Baitocin ni na tsara su muna daka, shekara ashirin baya, Lalla ke da murya. Ni ɗiyar liman ce, mata nike karantarwa cikin gida, ba wanda ya san baitocin nawa ne. In na faɗa, ina tsoron a ce waƙar ba tata ba ce, in rage mata daraja. In na yi shiru, yaro ya yi asarar shekara ina kallo. Kuma, Allah ya gafarta mini, duk sanda anka sa ta daɗi nike ji.

Gwaggon ɗalibi, Babankatami

Gwaggo, amin wa alaikis salam. Kin gano abin da ya gagari Mutari. Malaminsa na da gaskiya: mawaƙa talatin da bakwai jerin sunaye kawai za su ba shi. Waƙa guda, in ya bi ta daga turmi har rediyo, ya tambayi direban da 'yan gaɗar abin da ya sa suka ɗauke ta, littafi ya samu. Sauran muryoyin ya adana su, ba su ɓata ba.

Tsoronki ma yana kan hanya, don littafi kan kai inda ba a zata ba. Saboda haka ki fara zuwa wajen Lalla, kafin Mutari ya ji komai. In ta yarda, ya rubuta cewa wata abokiyar dakanta ce ta tsara baitocin, ba sai da sunanki ba. In ba ta yarda ba, ki ba shi hanyar waƙar, ki riƙe sauran. Yadda ta yi suna yake bincike, shirunki a nan ba ƙarya ba ne.

Daɗin nan kuwa, ki gode wa Allah a kansa. Gobe ki je gidan Lalla, jibi ki ajiye wa yaron tuwo, ki ce ya zo da akwatinsa. Allah ya ba shi nasara, ya bar ku da zumuncinku.

Malam Alhusaini