Ƙunshi Uku na Ganyen Turare

Ƙaura Namoda,
Laraba.

Zuwa ga autata Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Tarin nan ya sake ki?

Na gane aikin da malaminki na jami'a ya ba ki: ki tatsi mai daga ganyen itacen turare na Ƙaura, na Galadi da na Moriki, ki auna ko sinadarinsu ɗaya ne. Ikon Allah, baƙon itacen da ya bazu yana shanye mana ruwan fadama, yau shi ake karantawa! Amma tun da kika ce za ki hau babur ki tsinko da kanki, abinci ya daina shiga mini. Kin san halin hanyar nan da 'yan bindiga.

Ga ƙunshi uku wurin Murtala direba. A inuwa na shanya, kamar yadda kika ce, na rubuta sunan kowane gari da hannuna. Ki zauna inda kike.

Innarki,
Saude.

Ƙaura Namoda,
Asabar.

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya jiki?

Saƙonki ya iso, cewa na'ura ta nuna man duka iri ɗaya ne, malaminki yana zargin kin yi ha'inci, kin kuma ɗaura niyyar zuwa Moriki. Na'urarku ba ta yi ƙarya ba. Ni na yi. Duk daga itacen bayan gidanmu na tsinko, na raba uku. Na ɗauka ganye ganye ne. Baƙaƙen da kika zauna kika koya mini da furfurata, da su na rubuta miki ƙarya. Ban iya faɗa a waya ba.

Jiya kawunki Jelani ya shigo kasuwa daga Galadi, na sa ya riƙo nasu. Gwaggonki Yalwa ta aiko na Moriki. Na murza kowane na shaƙa. Na Moriki har ƙwalla ya sa ni, na Galadi sanyi-sanyi kamar lemun tsami, namu kuwa lami. Ashe akwai abin aunawa. Ga na gaskiyar nan, duka uku, wurin Murtala.

Ki nuna wa malaminki wannan takarda, ya san mai laifi. Na yarda a karanta kunyata gaban kowa, in dai ƙafarki ba ta taka hanyar nan ba.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki,
Saude.