Maganina Ya Sa Ana Zargin Mijina da Dukana

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni tela ce, ina da ɗan shago a bakin layinmu. Watannin baya na faɗi a kan keken ɗinki da ciwon ƙirji, aka ce jijiyar zuciyata ce ta toshe. Aka sa mini wani ɗan siririn ƙarfe a ciki don ya buɗe ta, aka ɗora ni a kan magani biyu, asfirin da kulofidogirel, wai don kada jini ya yi gudaji a wurin.

Na roƙi maigidana kada ya gaya wa kowa, saboda Mamanmu tana da hawan jini, kuma ciwon zuciya ne ya ɗauke Babanmu. Da na kwanta asibiti, cewa muka yi gyambon ciki ne.

To tun da na fara maganin, abu kaɗan ya taɓa ni sai jini ya kwanta. Gefen teburin yanka, marfin ƙofa, har jakar kaya idan na rataya. Ga ni fara, komai sai ya nuna. Rannan ƙanwata ta zo awo, na naɗe hannun riga, ta ga tabon a dantsena. Ashe gida ta kai maganar. Yanzu Yayanmu ya daina amsa gaisuwar maigidana, ya ce dukana yake. Mutumin da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba, Anti! Shi ya yi jinyata, shi yake tuna mini lokacin magani. Ya sha zagi ya haɗiye saboda alƙawarin da ya yi mini, ni kuwa kunyarsa ta hana ni barci.

Yaya ya kira zama ƙarshen wata, ya ce idan ya ga sabon tabo ba zan koma ɗakina ba. Shi ne nake tunanin in ajiye maganin na ɗan lokaci, jikina ya washe, in ci gaba bayan zaman. Ai na ji sauƙi, har matakala nake hawa. Ciwon baya ne kawai ya dame ni, shi ma ina sayen maganin ciwon jiki a kemis. Ya kika gani?

'Yar'uwarki, Mai Ɗinki

Mai Ɗinki, sannu da jiki. Amsar tambayarki a taƙaice: kada ki ajiye maganin nan, ko na kwana ɗaya, sai da izinin likitan da ya sa miki ƙarfen. A watannin farko jini na iya daskarewa a kansa idan aka tsaya, jijiyar ta toshe farat ɗaya, kuma ba kowa ke kaiwa asibiti ba. Sauƙin da kike ji aikin maganin ne.

Kwanciyar jini daga ɗan bugu sananniya ce ga masu shan waɗannan magunguna. Duk da haka ki koma asibiti a wannan makon, ki nuna tabon, a duba jininki. Ki tafi da kwalin maganin kemis ɗin, kuma ki dakatar da shi tun yau. Yawancin magungunan ciwon jiki, irin su ibufurofen da dikulofenak, suna ƙara zubar jini, suna cin ciki. Likita zai zaɓa miki wanda ya dace da bayanki. Idan kika ga baƙin bayan gida, jini a amai ko fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, ciwon kai mai tsanani, ko kika bugu a ka, kada ki jira ranar ganin likita. Ko haƙori za a cire miki, ki faɗi abin da kike sha.

Sai maganar gida. Ban ga laifin Yayanki ba. Ya ga tabo a jikin ƙanwarsa, ba a ba shi bayani ba, ya tsaya mata. Mata da yawa suna neman irinsa ba su samu ba. Ke ma tausayin Mama ne ya sa ki ɓoye, na gane. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma maigidanki ne yake biyan kuɗin wannan sirri da mutuncinsa. Ya isa haka.

Kada ki jira zaman. Ki kira Yaya ya raka ki asibitin, ya ji daga bakin likita. Bayan nan ku shawarta yadda za ku gaya wa Mama a hankali, da rana, bayan ta sha nata maganin. Za ta yi kuka, za ta yi miki faɗa. Gara ta yi kukan kina zaune kusa da ita kina ba ta haƙuri.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya saka wa maigidanki da alheri.