Tutar Namgye

Asabar, 21 ga Afrilu, 2007. Shelgang, Butan.

Yau aka yi zaɓen gwaji, wai don mu koyi yadda ake yi kafin na gaske. Jam'iyyun ma na ƙarya ne, launi huɗu kawai. Ban je ba. Matata Peldon ta je, ta dawo tana dariya, wai kusan duk ƙauyen rawaya suka danna, tunda shi ne launin gyalen da sarki ke saɓawa a kafaɗa. To me ake nema kuma? An tambaye mu, mun ba da amsa.

Yayanta Namgye ne ya yi ta jan tsofaffi zuwa gaban na'urar zaɓen yana nuna musu. Tun muna yara muna kiwon shanu nake tare da mutumin nan, shi ya kai ni gidansu har na ga ƙanwarsa, amma ban taɓa sanin yana da ƙaiƙayin irin wannan abu ba.

Litinin, 28 ga Mayu.

Gwaji na biyu. Ina gona, dashen shinkafa ba ya jiran gwaji.

Da la'asar Namgye ya biyo, muka zauna a kan kunya muna taunar doma, goron ƙasarmu. Na faɗa masa abin da na gano. A gidan wa aka taɓa miƙo maka abinci ka cafke a karon farko? Rufe baki kake da hannu ka ce a'a. Sarki ya yi mana tayin mulki don shi mutumin kirki ne, namu kuma mu ƙi, don mu ma an yi mana tarbiyya. In ya ga mun ƙi, zai mayar da abinsa, kowa ya huta.

Ya yi dariya har ya ƙware. "Ap Lendup, sarkin da ya sauka daga kujera da ƙafarsa ya bar wa ɗansa, shi ne zai yi maka tayin fatar baki?"

Na ce za mu gani.

Lahadi, 14 ga Oktoba.

Namgye ya shiga jam'iyyar masu alamar doki, ya kafa tutarsu a kan rufinsa. Rabin ƙauye kuma na masu gauraka ne.

Taron gari yau. A da ba a tashi sai baki ya zo ɗaya, ko da rana za ta faɗi a kanmu. Yau waɗannan sun zauna dama, waɗancan hagu, maganar gyaran magudanar ruwa ma ba a kai gare ta ba. Raina ya ɓaci. Na miƙe na ce ni dai yatsana ba zai taɓa na'urar nan ba, kuma wanda ya yi rige-rigen karɓar abin da ke hannun ubangidansa, dama can ya daɗe yana haɗiyar yawu. Ban kama suna ba. Amma kowa Namgye ya juya ya kalla.

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Laraba, 7 ga Nuwamba.

Bai zo ba. Ni ma ban je ba.

Yau Baba ya faɗo mini a rai. Shekarar da dutse ya zaftare ya binne mana gona, ya saɓa farin gyalensa, ya sauka bakin babbar hanya ya yi ta jira har ayarin sarki ya zo wucewa. Ya sunkuya, aka tsaya, aka ji kukansa, aka ba shi wata gona. Gonar da nake nomawa ke nan. A lokacin talaka ya san ƙofar da zai buga, guda ɗaya ce. Yanzu wa zan tare a hanya? Majalisa mota ɗaya take shiga? Ina kewar wancan zamani ƙwarai.

Litinin, 31 ga Disamba.

Zaɓen majalisar sama. Na faskara itace.

Juma'a, 8 ga Fabrairu, 2008.

Sabuwar shekararmu. Gasar harbin baka da mutanen ƙetaren rafi, kamar kullum, sai dai Namgye ya aiko wai kafaɗarsa na ciwo. Ƙarya ce, jiya na hango shi yana saran gora.

Kibiyata ta sami allo sau ɗaya, aka yi mini rawa da waƙa. Duk shekara shi ne yake tsayawa dab da allon yana ihu, wai in harbo, nan ne kaɗai wurin da ya tabbata kibiyata ba za ta same shi ba. Bana ba wanda ya zage ni. Shinkafa da barkono da cuku sun wadata, na kasa ci.

In haka za mu ƙarasa, ɗayanmu zai ji mutuwar ɗaya a bakin mutane.

Lahadi, 23 ga Maris.

Gobe babban zaɓe. Peldon ta fito da rigata ta biki ta shanya. Na ce wa ya aike ta?

Ta ce, "Tsoho, lissafa da kanka. Gwaji biyu, da na Disamba, sau uku ke nan ka rufe baki. Ko baƙo mai kunya a na uku yake miƙa ƙoƙo. Wanda aka yi wa tayi na huɗu ya ƙi, ba ladabi yake ba, girkin ya raina."

Na ce ai mata ba su san siyasa ba. Ta ce amma sun san tayi.

Na fita duba shanu.

Litinin, 24 ga Maris.

Na je. Don kada a ce na raina girkin sarki ne kawai. Na saɓa gyale kamar mai shiga fada, na sunkuya wa na'urar kafin in danna, 'yar malamar da ke wurin ta toshe baki. Namgye na can gefe, ya gan ni, ya kau da kai.

Talata, 25 ga Maris.

Gauraka sun share ƙasar, doki kusan ko'ina ya sha ƙasa. Waɗanda ke cika gidan Namgye suna shan shayinsa, yau ko kare bai bi ta ƙofar ba.

Alhamis, 27 ga Maris.

Na bi ta wajen, don ta nan hanyar niƙa ta fi kusa. Na same shi a tsakar gida ya hura wuta, tutar na hannunsa. Ya tsufa cikin watannin nan.

"Ka zo ganin mai haɗiyar yawu?" in ji shi.

Na ce niƙa zan je. Ya kalli hannuna, babu buhu, sai tawadar zaɓe a farce. Ya daɗe yana kallonta.

"Wa ka danna?"

Na ce ai shi ya koya wa tsofaffi cewa ba a faɗa.

Ya ce sun ja wa gari rabuwar kai a banza, gara ya ƙona ta ya koma gonarsa. Na fizge tutar. Na ce tun yaushe wanda aka kayar a filin baka yake karya bakansa? Zama yake a ci abinci tare, baɗi a sake karawa. Ya ce mutumin da kibiyarsa ba ta san hanya ba ne zai koya masa baka? Muka yi ta yi har matarsa ta kawo giyar ara. Rana ta yi sanyi kafin in tashi.

Tutar na cikin akwatina, ƙarƙashin rigar biki. Na ce wa Peldon yadi ne mai kyau, asara ne a ƙona. Na dai zuba ganyen maganin asu a kai, don shekara biyar kafin wani zaɓen ba kwana biyar ba ce.