Babana ya ƙi asibiti, yana jiran allurar ɓerayena

Anti, don girman Allah ki taimake ni. Bakina ne ya ja, kuma a kan babana abin zai ƙare.

Ina aiki a ɗakin bincike. Muna yi wa ɓeraye masu ciwon daji allurar wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, su bi jini su taru a kan ƙarin. In muka haska wata fitila, sai wurin ya yi ta ƙyalli a na'ura, mu ga girmansa, ɓeran yana raye yana numfashi. A gida Likitar Ɓeraye suke ce mini. Da tsokanar ta ishe ni, bara na nuna musu hoton a waya, har na cika baki cewa cuta ta daina ɓuya. Baba ya daɗe yana kallo, ya tura wa abokansa teloli kaf.

To, wata biyu ke nan likita ya ji kullutu a cikinsa, ya ce a yi hoto, a ɗebi ɗan nama a auna. Baba ya ce ba mai huda shi alhali 'yarsa na da allurar da ke nuna cuta. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Abin na gwaji ne, irin namu akwai guba a ciki, ba ya warkarwa, kuma hasken da ke ratsa fatar ɓera ba zai ratso cikin mutum ba. Yayana ya ce rowa ce, wai na fi tausayin ɓera. Inna sai ta bi jakata da kallo in na dawo daga aiki. Baba kuwa sau biyu yana rage wa wandunansa ƙugu da hannunsa.

Jiya har na yi tunanin in zuƙi ruwan gishiri a sirinji in yi masa, in ce na ga abin, ko ya yarda ya tafi. Ina rubutun nan ina kuka. In yi ƙaryar?

'Yar tela

'Yata, share hawayenki, ki ajiye sirinjin nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In kin yi masa, gobe zai ce a ƙara, ya daina batun asibiti gaba ɗaya. Kwalbar allurar ɓerayen kuwa ko kusa kada ta fito daga wurin aiki.

Kin cika baki, gaskiya ne, amma wa bai taɓa yi ba? Shi ma Baba ba taurin kai kawai ba ne. Tsoro yake ji, kuma a duniyar nan hannunki kaɗai ya yarda da shi. Yayanki ma tsoron ne, da faɗa yake fito masa.

Ki daina yi musu lacca. Ki zauna da Baba ku biyu, ki ce kin yi kuri bara, ki nemi afuwa. Ki gaya masa likita ma yana da na'urar da ke leƙa cikin mutum, wadda aka riga aka gwada aka amince da ita. Ki karɓo ranar ganin likita a makon nan, ki nemi izini a wurin aiki, ki sa Yaya ya tuƙa ku. Ki yi masa alkawari za ki raka shi har bakin ƙofa, kuma tare za ku duba hoton, ki nuna masa da yatsa kamar yadda kika nuna masa na ɓera.

Ya riga ya gaya wa abokansa 'yarsa ce ke gano cuta. Ki bar shi ya shiga asibiti yana riƙe da hannun 'yar. Allah ya ba shi lafiya, ya sa ku ji alheri.

Anti