Saran Ɓauna a Barikin Subatu

Laraba, 20 ga watan Asoj, shekarar da Turawa ke kira 1815

Yau aka shuka sha'ir a ɗakin duhu, an shiga bikin Dashain ke nan. Shi ne na farko da zan yi cikin rigar sojan Kamfanin Turawa. Watannin baya muna kan dutsen Malaun muna harbin Turawan nan, yau ga mu muna cin shinkafarsu a Subatu. Da yunwa ta sauko da mu suka ce mai son aikin soja ya zo, na zo. Yaya Dalmardan ya ƙi, ya bi ragowar rundunar Sarkin Gorkha ya haye kogin Mahakali. Abin da ya ce mini kawai: "Kehar, cikinka ka bi. Je ka." Har yanzu maganar na ci mini rai.

Juma'a, 22 ga Asoj

Tirƙashi. Subeda Bhairab, babbanmu, ya kira ni ya ce ni zan sare ɓaunar bataliya bana. Ni, duk yawanmu! Za a jera bindigogi gaban Uwa Durga, allahiyar da muke bauta wa, in kan ɓaunar ya faɗi da sara ɗaya ta karɓa, makamanmu sun sami sa'ar shekara. In sai an ƙara na biyu kuwa, tsiya ta hau bataliya, a shafe fuskar mai saran da jini a yi masa ature. Ga shi ana ta raɗe-raɗin sulhu ya ƙi, bayan biki gabas za mu nufa. Wa ke gabas in ba Yaya ba? Wato da hannuna zan roƙa wa bindigar da za ta harbe shi albarka. Na ce wa Subeda kafaɗata na ciwo. Ya ce jiya da nake kayar da mutane a kokawa wace kafaɗa na ara.

Asabar, 23 ga Asoj

Na kasa zama wuri ɗaya. Na wasa kukurin, lanƙwasasshiyar addarmu, na sake wasawa, ba don ya dakushe ba.

Lahadi, 24 ga Asoj

Na je na ga ɓaunar, wuyanta kamar turmi. A nan dabara ta zo mini: in na ɗan sassauta hannu, wa zai gane? Ɓauna irin wannan ko gwani na iya kuskure. Ni in sha kunya, sa'a ta koma wurin su Yaya. Ina cikin haka abokina Tilbir ya dafa ni, wai in na kuskure shi zai fara shafa mini jinin, har cikin kunne. Na ce ya fara koyon yanka kaza tukuna. Mun yi dariya, amma raina ya ɓaci. Shi fa ya goyo ni daga Malaun lokacin da ƙafafuna suka kumbura, kuma matarsa na da tsohon ciki a nan bariki. Tsiyar da zan jawo, a kansa za ta fara sauka. Gaba kura, baya sayaki.

Litinin, 25 ga Asoj

Laftanan Bature ya zo da yarenmu nasa mai kama da na mai mura, yana tambaya ko za a yarda a sa takobinsa cikin makaman. Har da cire takalmi a bakin ɗakin sha'ir, ba wanda ya ce ya cire. Haushi ya kama ni. Da raina mu ya yi, da abin ya zo mini da sauƙi.

Talata, 26 ga Asoj

Na yanke. Zan sassauta. Nono ɗaya muka sha da Yaya, Tilbir kuwa tukunya kawai muka haɗa. Ban ci abinci ba, na zagaye bariki har mai gadi ya tambaye ni abin da na yar.

Laraba, 27 ga Asoj

Sara ɗaya.

Alhamis, 28 ga Asoj

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba. Na ɗaga kukurin da niyyata a zuci, ban canza ta ba, na rantse. Ana kiɗa, Tilbir na riƙe da igiyar yana cije leɓe, duk bataliya tana kallon hannuna. Sai ga kai a ƙasa. Hannu ne ya saba, shi ke nan, tun ina yaro nake sara. Haka nake ta gaya wa kaina. Sai dai da suka ɗaga ni sama aka naɗa mini farin rawani, akwai wata murya da ta fi ta kowa ihu, kuma na san mai ita, tawa ce.

Yau ranar tika ce. Tun rasuwar Baba, Yaya ke manna mini jar shinkafa a goshi ya sa mini albarka. Bana na bi layi na durƙusa gaban Subeda. Ya manna, ya saƙala mini ganyen sha'ir a kunne, ya ce, "Ɗana, Uwa Durga ta karya maƙiyanka duk inda suke." Na taɓa ƙafarsa na ce ya tabbata, da ƙarfi ma na faɗa. Sai da na fito waje na tuna su wa yake nufi. Ban goge goshina ba.