Zanen Mahbub Guda Tara

Awali, Madina
4 ga Jimada Awwal, 1399

Uwar Raliya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Raliya da Inna. Ni dai ga ni nan.

Mahbub ya rasu, Ba'indiyen nan da muka shekara shida ɗaki ɗaya a gonar dabino. Daga kan dabino ya faɗo ran Talata. Ni na yi masa wanka. Ban yi kuka ba, ban kuma ji komai ba.

A akwatinsa akwai zane tara, kowane bai fi tafin hannu ba. Kakansa ya zana wa sarakunan Hindu. Wai kowane zane hoton wani sautin kiɗa ne, kuma kowane sauti da lokacinsa. Akwai mace da molo, barewa na saurarenta, wannan na hantsi ne. Akwai wani shuɗin mutum da sarewa ƙarƙashin hadari, abin bautar 'yan Hindu ne, na damina. A nan da ba damina, sai ya fito da shi ya yi ta gunguni a hanci. Sau nawa muka yi faɗa, ina ce masa ya kore mana mala'iku. Amma bai taɓa rasa jam'i ba, wannan na shaida.

Kafil, wato ubangidanmu mai gonar, ya gani, ya ce in ƙona su kafin Juma'a. Mahbub kuwa yana da 'ya ɗaya a garinsu, Jaifur.

Mijinki,
Ƙasimu

19 ga Jimada Sani

Uwar Raliya,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna?

Na hura wutar, na tsuguna gabanta har ta mutu. Daga nan na ɗinke zanen Mahbub cikin bargonsa, na ba wani ɗan garinsu da ya zo ziyara ya kai wa yarinyar.

Kafil ya tambaye ni. Shekara tara ina ci a hannunsa, bai taɓa cuta ta ba, sai na kasa yi masa ƙarya. Bai zage ni ba. Iƙamata kawai ya karɓa, wato takardar zamana, ya buga mini huruj, hatimin barin ƙasa, khalas. Shi ma yana da gaskiyarsa.

Ina tafe bayan sati biyu, da buhun dabino ɗaya. Kada ki ce wa mutane na yi abin kirki. Har yau ba na son zanen nan. Ba nawa ba ne, shi ke nan.

Ki gyara mini rufin ɗaki.

Mijinki,
Ƙasimu